Sankarar Jinin Yara: A San Irinta, A Kai Magani Ƙarshe

Da wuya a sami ɗan Arewa mai neman abinci a Kudu wanda bai taɓa samun irin saƙon nan daga gida ba, watau a ce masa yaro ba shi da lafiya, an kai shi asibiti likita ya ce jininsa ya ƙare, sai a aiko da abin da ya sawwaƙa. Mai sayar da goro a Shagamu ya san wannan saƙo, dillalin shanu a Badun ya san shi, haka mai gadi a Ikko da mai tura ruwa a Anacha. Galibi abin da ke shanye jinin yaran nan bai wuce zazzaɓin cizon sauro ba, ko tamowa, ko tsutsar ciki, ko amosanin jini da ake kira sikila, kuma in an yi magani aka yi ƙarin jini sai yaro ya miƙe. Amma akwai yaron da za a ƙara wa jini yau, bayan mako biyu ko uku ya sake yin fari fat kamar ba a yi kome ba, ga zazzaɓi ya ƙi sauka, ga haɓo, ga ciwon ƙashi. Irin wannan yaro shi ne ya kamata a tsaya a bincika ko sankarar jini ce ke cin sa.

Mutane da yawa da sun ji an ambaci sankara sai su sallama, su ce a ɗauko yaro a koma gida. Shekaru 80 da suka wuce masu faɗin haka suna da gaskiya, gama a lokacin babu yaron da ke tashi daga wannan ciwo. Yau kuwa maganar ta tsufa. A ƙasashe masu wadata, cikin yara 10 da suka kamu da irin sankarar jinin da ta fi addabar yara, wajen 9 suna warkewa, su girma su yi aure su haifi nasu. Ɗaya daga cikin dalilan wannan nasara shi ne likitoci sun gano cewa ciwon iri-iri ne, sun kuma koyi yadda za su karanta irinsa kafin su auna masa magani. To, yaron da ke Sahon Rami a ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, shi ma yana da hakki a cikin wannan sani, kuma 'yan'uwansa da ke zaune a Kudu suna da babban aiki wajen kai shi gare shi.

YADDA CIWON YAKE

Cikin ƙashin mutum akwai ɓargo, a nan ne jiki ke ƙera jini. Yana ƙera jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da waɗansu 'yan ƙanana masu tsayar da jini in an ji rauni. Sankarar tana farawa ne sa'ad da wata farar ƙwaya guda ta ƙi nuna, ta shiga hayayyafa ba tsayawa, har 'ya'yanta su cika ɓargo su hana sauran fita, kamar yadda ƙuduji ke cinye gonar dawa. Irin da ake magana a kansa a nan likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa uku, ALL, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 5.

Daga nan alamun ke fitowa. Ƙarancin jajayen ƙwayoyi shi ke kawo fari da kasala. Rashin farare na kirki shi ke kawo zazzaɓin da ba ya jin magani. Rashin masu tsayar da jini shi ke kawo haɓo, da zubar jini daga dasashi, da tabon taruwar jini a fata ba tare da an buge ba. Sau da yawa akan ga kaluluwa a wuya ko hammata, saifa ko hanta ta kumbura, yaron da ke gudu jiya yau ya ƙi taka ƙafa.

A shekarar 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka, Sidney Farber, ya nuna cewa akwai maganin da ke iya kwantar da ciwon, ko da yake na 'yan watanni ne kawai. A 1962 aka buɗe asibitin yara na St. Jude a birnin Memfis, inda likita Donald Pinkel da abokan aikinsa suka shiga haɗa magunguna da dama lokaci guda, suna kuma bin ciwon har cikin ruwan ƙwaƙwalwa inda yakan ɓuya. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1970, wajen rabin yaran da suke yi wa magani sun fara warkewa. Sai tambaya ta taso: yara biyu, shekarunsu ɗaya, magani ɗaya, don me wannan zai warke wancan ciwonsa ya komo?

SANDUNA 46

Amsar tana cikin ƙwayar ciwon kanta. Cikin ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jikin mutum akwai waɗansu 'yan sanduna da ake kira kuromosom, su ne ke ɗauke da umarnin yadda ƙwaya za ta yi aikinta. Guda 46 ne, biyu-biyu har sahu 23, rabi daga uba rabi daga uwa. A shekarar 1956 aka tabbatar da wannan adadi a ƙasar Suwidin, daga baya aka ba kowane sahu lamba domin a riƙa gane su.

A 1960 masana biyu a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford, suka lura da wata guntuwar sanda a jinin manya masu wata irin sankarar jini mai tafiya sannu a hankali. A 1973 wata likita a Shikago, Janet Rowley, ta gano asalin guntuwar: sanda ta 9 da ta 22 ne suka karye suka yi musanyar gutsure. Tun daga nan aka shiga ƙirga sandunan da ke cikin ƙwayoyin sankarar yara, ana duba wadda ta ƙaru, da wadda ta ɓace, da wadda ta liƙe a inda ba wurinta ba, ana kuma lura da yadda kowane yaro ya ƙare.

Duk mai harkar goro ya san ba a yanke wa huhu kuɗi sai an kwance an duba, domin goro suna ɗaya ne, amma fari daban, ja daban, daushe daban, kuma kowane da irin ajiyar da yake so. Haka abin yake a nan. Ga abin da binciken ƙasashen Turai da Amurka ya nuna.

Akwai iri biyu da suka fi jin magani, kuma su biyun sun kai wajen rabin yaran da ke kamuwa a can. Na farko shi ne wanda sandunan ƙwayar ciwon suka zarce 50. Wanda bai sani ba zai ɗauka yawan sanduna muni ne, alhali kuwa tun 1978 wata masaniya a Ingila, Lorna Secker-Walker, ta ba da rahoton cewa masu sanduna da yawa sun fi daɗewa lafiya. Na biyu shi ne wanda sanda ta 12 da ta 21 suka yi musanya. Wannan ba a gano shi ba sai a 1994, domin ba ya ganuwa da madubin likita yadda aka saba dubawa, sai da gwaji na musamman. Yara masu ɗayan waɗannan biyu, fiye da 90 cikin 100 suna warkewa in sun sami cikakken magani.

Akwai kuma masu taurin kai. In sandunan sun gaza 44, ciwon yakan yi wuyar kwantawa. In jariri ne da bai cika shekara ba, galibi akan tarar sanda ta 11 ce ta karye, sau da yawa ta haɗu da ta 4, kuma har yau wannan yana cikin waɗanda suka fi ba likitoci wahala. Sa'an nan ga guntuwar nan ta Filadelfiya, wadda ake samu a jikin yara 3 zuwa 5 cikin kowane 100 masu ciwon.

Labarin wannan ta ƙarshe ya isa abin lura. A da, in an gan ta a jikin yaro, likita yakan san aiki ya yi nauyi, gama wajen kashi ɗaya cikin uku kaɗai ke tsira da magungunan da aka saba. A shekarar 2001 aka fito da wata ƙwaya mai suna imatinib, wadda aka fi sani da Glivec, an ƙera ta ne musamman domin ta toshe ɓarnar da wannan musanya ke haifarwa. Rahoton da ƙungiyar likitocin sankarar yara ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa da aka haɗa ƙwayar da magani mai ƙarfi, wajen yara 80 cikin 100 sun kai shekara 3 ciwon bai komo ba. Haka nan musanyar sanda ta 1 da ta 19, wadda a da ake jin tsoronta, da aka ƙara ƙarfin magani sai ta bi sahun masu warkewa.

Ashe ke nan sakamakon gwajin nan awo ne, ba hukunci ba. Amfaninsa shi ne likita ya san wane yaro zai ba magani mai sauƙi, wane zai ƙara wa ƙarfi, wane kuma yake bukatar ƙwaya ta musamman. Kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Ana duba shekarun yaro, domin ɗan shekara 1 zuwa 9 ya fi samun sauƙi. Ana duba yawan fararen ƙwayoyi ranar da aka gano ciwon. Fiye da kome, ana duba abin da ya rage na ciwon a cikin ɓargo bayan watan farko na magani.

BA LAIFIN UWA BA NE

Akwai wani kuskure da ya kamata a kashe tun bai yi reshe ba. Saboda jama'a sun saba da gwajin sikila da ake yi kafin aure, da an ce sanduna sai wani ya ɗauka gado ne, ya fara kallon dangin matarsa. Sikila gado ce daga uwa da uba, tana cikin dukan jikin yaro tun ranar da aka ɗauki cikinsa. Karyewar sandunan sankara kuwa tana aukuwa ne a cikin ƙwaya guda ta ɓargon yaron, sauran jikinsa lafiya lau, kuma a mafi yawan lokaci babu ita a jikin uwa ko uba ko sauran 'ya'ya. Binciken Mel Greaves a Landan ya nuna cewa sau da yawa karyewar farko tana faruwa tun yaro yana ciki, kuma jarirai da yawa suna zuwa da ita su girma ba tare da ta zame musu ciwo ba, sai in wata ɓarna ta biyu ta biyo baya. Babu abin da uwa ta ci ko ta ƙi ci da aka tabbatar shi ke kawo wannan. Ciwon ba ya yaɗuwa, ana iya cin abinci ƙwarya ɗaya da mai shi. Saboda haka ba shi da kyau a saki mace a kansa, ko a nuna wata tsohuwa da yatsa a ce ita ke shan jinin yaro.

HANYA DAGA SAHON RAMI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da matasa wajen 400,000 ke kamuwa da sankara iri-iri. A ƙasashe masu wadata fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Abin da ya raba su, in ji hukumar, shi ne rashin gano ciwon da wuri, da kuskuren ganewa, da rashin magani, da yanke magani a tsakiya, da mutuwa saboda zafin maganin a inda babu kulawa.

A ɗauki yaron manomi a Sahon Rami. Zazzaɓi ya kama shi, an saya masa maganin sauro a kyamis, bai ji ba, an koma na taifot, an haɗa da jiƙo. Wani lokaci a cikin ƙwayoyin da ake haɗa masa akwai irin su firednisolon ko dezametason, waɗanda ke kwantar da sankarar na ɗan lokaci, yaro ya yi kamar ya warke, daga baya in an je gwaji ciwon ya ɓuya, in ya komo kuma ya komo da ƙarfi. Kafin a kai shi Babban Asibitin Kontagora makonni sun wuce. Daga can kuma sai an tura shi babban asibitin koyarwa, ko Shika a Zariya, ko Sakkwato, ko Ilori, ko Abuja, inda ake ɗibar ɓargo a duba. Ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan fashin daji a hanya a shekarun nan, ga gona ba mai dubawa. Sa'an nan maganin kansa ba na mako ba ne. Watan farko shi ne na kwantar da ciwo, amma dukan aikin yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3, da ƙwayar sha kullum, da allura, da gwajin jini a kai a kai. Babbar jarrabawa tana zuwa ne bayan watan farkon nan, sa'ad da yaro ya tashi yana wasa, iyaye su ga ai ya warke, ga kuɗi sun ƙare, su koma gida. Ciwon kuwa yana nan a ɓoye, kuma in ya komo ya fi na farko wuyar magani. Ko da yaro ya zo da irin da ya fi kowane jin magani, in aka yanke a wata na uku an yi asarar sa'ar.

Wani zai ce, a ƙasar da jinin ƙari ma sai an sha wuya, maganar ƙirga sanduna ai alfarma ce. Mai faɗin haka yana da rabin gaskiya. Lalle abin farko shi ne gano ciwo da wuri, da jini mai tsabta, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin sankara wanda ba ya yankewa. Amma sauran rabin shi ne, a inda kuɗi da kulawa suka yi ƙaranci, a nan ne ya fi wajaba a san wanda za a ba me. Ba yaron da ciwonsa mai sauƙi ne magani mai zafin da bai bukata ba yana iya kashe shi, ga kuma ɓarnar kuɗi. Hana mai guntuwar Filadelfiya ƙwayar da aka yi dominsa kuwa, barin sa ne a halin da ake ciki kafin 2001.

Kuma wannan ilmi ba baƙo ba ne a Nijeriya. A shekarun 1970 da 1980 Farfesa Alan Fleming ya yi nazarin sankarar jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, likita Christopher Williams kuma ya yi nasa a asibitin koyarwa na Badun, inda ya lura cewa irin da ya fi yawa a jikin yaran Turawa bai cika bayyana a cikin yaran talakawan da ake kawo masa ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ƙirga na gida, kada a dogara ga lissafin Turai kawai. A shekarar 2003 kuma aka fara raba Glivec kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife ga masu sankarar jini mai tafiya a hankali, bisa sharaɗin gwaji ya nuna guntuwar Filadelfiya. Abin da ya yiwu a Ife ba zai gagara a Zariya ko Kano ba.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN KOWA

Gwamnatin Tarayya ya kamata ta tsayar da ɗakin gwajin sanduna mai aiki kullum ko da a asibitoci biyu ne na Arewa, a tsara yadda sauran za su riƙa aika ɓargo can, domin kada a riƙa yawo da yaro mara lafiya. Asusun taimakon masu sankara da ta kafa ya fara ne da cututtuka uku na manya, watau na mama, da na bakin mahaifa, da wanda ke kama maza a ƙarƙashin mafitsara. Wajibi ne yara su sami cikakken rabo a irin wannan taimako, tun da a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a kai ga warkar da 60 cikin 100 na yara masu sankara nan da 2030, kuma wannan ciwo yana cikin guda 6 da ta sa a gaba. Gwamnatin Jihar Neja kuma ta horar da malaman ƙananan asibitoci su san cewa yaron da aka ƙara wa jini sau biyu a ɗan lokaci, kuma ba sikila gare shi ba, tura shi gaba ake yi.

Amma mazauna Kudu ba sai sun jira gwamnati ba. Allah Ya zaunar da su a bakin ƙofar manyan asibitoci: Hausawan Idi-Araba maƙwabtan asibitin koyarwa na Ikko ne, na Sabon Badun kuma tafiya kaɗan ce tsakaninsu da asibitin koyarwa na garin. Sun saba da likitoci, sun san hanya, kuma su ne ake jin maganarsu a gida domin su ke aikawa. Wanda aka aiko wa saƙon ciwon yaro, kada ya tsaya ga tura kuɗi kawai. Ya tambaya ko an yi cikakken gwajin jini an duba shi a madubi. In an ce sankara ce, ya sa a tambayi likita wace iri ce, ko za a iya gwajin sanduna, musamman na Filadelfiya, da kuma tsawon lokacin da maganin zai ɗauka. Ya lissafa taimakonsa wata-wata, gama kuɗi kaɗan da ba ya yankewa ya fi tarin kuɗi na rana ɗaya amfani ga irin wannan jinya.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu, da na goro, da na gwari, sun saba haɗa kuɗi a kai gawa gida ko a fito da wanda aka kama. Ba abin wuya ba ne su ware wani kaso domin jinyar yara mai tsawo, su tanadi ɗakin saukar iyayen da suka zo jinya daga nesa, su kuma tara samari masu lafiya su riƙa ba da jini, domin yaro mai wannan ciwo yakan bukaci jini sau da yawa kafin ɓargonsa ya farfaɗo.

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, sun kuma ce ja ya faɗo ja ya ɗauka. Masana sun yi shekara fiye da 60 suna ƙirga sandunan nan har suka san wace ce mai sauƙi, wace ce mai tauri, suka kuma samo wa waɗansu masu taurin magani. Abin da ya rage ga iyaye da dangi shi ne a kai yaro da wuri, a nemi sanin irin ciwonsa, a kuma jure har likita da bakinsa ya ce an gama. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri.